Farfelar Baba Mai Jirgi

Da hantsi aka jawo kwale-kwalen daga gindin gada, gefensa a fashe. Buhunan siminti goma sha huɗu sun nutse, matuƙin ma ya tafi tare da su. Sai bayan azahar masunta suka fito da gawarsa.

Sajan ɗin 'yan sanda ya tarar da mahaifin mamacin, wanda kowa ke kira Baba Mai Jirgi, tsugune gaban tsohon injin da aka kwanto aka jingina a bakin ruwa. Ba kuka yake ba. Farfelar yake shafawa da yatsa.

"Wannan ba tawa ba ce, Sajan," in ji shi. "Tawa mai faɗin kunne ce, murɗinta kaɗan, ta jan kaya. Wannan ta gudu ce. Injin da ya shekara talatin ba ya iya juya ta da siminti a kansa. Shaƙewa zai yi a tsakiyar igiyar ruwa. Wanda ya canza ta shi ya kashe min ɗa, kuma ina so in ga idonsa."

Sajan ɗan masunci ne kafin ya sa kaki, ya san tsohon bai yi ƙarya ba. Ya duƙa ya duba noti da fil ɗin nan mai ƙafa biyu da ke hana notin kwancewa. Ya daɗe yana kallon fil ɗin, sannan ya miƙe.

Ya fara da bakaniken mashigi, a rumfarsa mai warin baƙin mai.

"Yaushe rabonka da injin Baba?"

"Ni? Ranka ya daɗe, tsohon nan ko filogi ba ya bari in taɓa masa. Cewa yake hannuna ya fi tsatsa ɓarna."

"Ɗaura min farfela in gani."

Bakanike ya ɗaura, ya zura fil, ya baje ƙafafun biyu da filaya, ɗaya dama ɗaya hagu. Sajan ya yi masa godiya ya fita.

Na biyu shi ne Mai Sabon Inji, wanda Baba ke zargi tun farko, don sun shekara suna rikici a kan fasinja. Bakinsa ya fi injinsa ƙara, amma sandar tsohon injin ko ramin farfelarsa ba ta shiga. Da aka miƙa masa fil, juya shi ya riƙa yi kamar an ba shi allurar ɗinki.

Mai sayar da kayan inji ne ya ɗan yi nauyin baki.

"Irin wannan farfelar ɗaya ta rage min, ta yi shekara tana shan ƙura. Na gaya wa wanda ya saya, ta jirgi marar kaya ce."

"Wane ne?"

Mutumin ya kalli ƙasa. "Yallaɓai, gidan suna cikin makoki."

Sajan bai so wannan aikin ba, ko kaɗan. Ya ja ƙafa zuwa gidan Baba, ya roƙi a ba shi tsohon da Auta, ɗan da ya rage masa, mai aiki da jirgin da yamma, a ɗaki su uku. Ya ajiye fil a kan tabarma.

"Baba, ya kake lanƙwasa fil?"

"Ƙafa ɗaya. Ɗayar a bar ta miƙe, don in ya zama dole a cire a kan ruwa, ko da haƙori a cire. Haka na koya wa 'ya'yana..."

"Na farfelar nan ƙafa ɗaya aka lanƙwasa," in ji Sajan. "Bakanike biyu yake bajewa. Mai Sabon Inji bai ma san kan fil ba. Marigayi kuwa shi ke jigilar kaya da safe, ba zai ɗaura wa kansa farfelar gudu ba. Saura mai ɗaukar fasinja da yamma."

Auta, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya tashi ba tare da an ce masa komai ba. Ya dawo da tsohuwar farfelar naɗe cikin tsumma, an shafe ta da mai tas.

"Fasinja sun guje mu, Baba, suna ce mana kunkuru," ya ce. "Kullum nakan mayar da taka kafin in tashi. Jiya aka ce min matata na asibiti, na bar jirgin na ruga. Da na tuna, Yaya ya riga ya yi lodi ya tafi."

Baba ya karɓi farfelar ya ɗora a cinya. Ga wadda ta dace ɗin, lafiyarta ƙalau, sai dai babu jirgin da za a ɗaura ta a kai. Ya ƙi kallon Auta.

"Dole in tafi da shi ya ba da bayani, Baba," in ji Sajan a hankali.

Tsohon ya gyaɗa kai. Sai da suka kai bakin ƙofa ya yi magana.

"Sajan, ɗazu ina da ɗa guda da maƙiyi guda. Da ka bar min su haka."