Furar da Ta Kori Rahma

Rahma na durƙushe a gindin murhu tana tace romon kaza da farin ƙyalle ta ji sallama a zaure. Murya biyu ce, duk ta san su: Inna Yalwa, mahaifiyar mijinta, da Gwaggo Kulsumu, ƙanwar mahaifinsa, wadda ba ta taɓa shiga gida ta fita ba ta bar magana a baya ba. Daga Sakajiki suke, Gwaggo ɗauke da ƙatuwar ƙwarya an rufe da faifai. Da ganin ƙwaryar nan Rahma ta san fura ce.

Mijinta Kamalu hatsi yake sayarwa a Kasuwar Daji. Ya daɗe yana ganin jini in ya zaga, kowa ya ce basir ne, ya sha saƙe-saƙi da jiƙe-jiƙe har ɗakinsu ya koma warin sassaƙe, amma sai ramewa yake. Da ƙyar Rahma ta lallashe shi suka je wani babban asibiti a Sakkwato. Likita ya ce sai an zura siririn bututu mai kamara ta ƙasa an duba hanjinsa, kuma ba za a ga komai ba sai hanjin ya wanku tas. Na'urar ɗaya ce, masu jira kuwa da yawa, sun daɗe a layi kafin ranarsu ta zo. Gobe ce ranar. Tun farkon mako Rahma ta janye masa wake da ganye da tuwon dawa, sai farar shinkafa da ƙwai, yau kuwa ko su ɗin babu.

Bayan an gaisa Gwaggo ta leƙa kwanon romo ta taɓe baki.

"Ke Rahma, mi na wanga? Ruwan wankin tukunya za ki ba ɗan mutane?"

"Gwaggo, dokta na yac ce yau ba tuwo, ba hura, ba nono. Sai ruwa, da romon da anka tace, da shayi ba madara. Ko zoɓo ya hana, wai jan shi na kama da jini ga kamara."

"Kamara! To, mun ji. Mu da munka raini yaro da hura ba mu san kamara ba."

Inna Yalwa kuwa ta tsaya daga nesa. Kamalu ɗan farinta ne, kuma ita mutuniyar da ce mai kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "wancan", ba ta zama inda yake zaune, ba ta taɓa tambayarsa ya jiki baki da baki ba. Abin da ke ranta game da shi duk a ƙwarya take zuba shi ta aika. Shi ma ya san haka, shi ya sa tun yana yaro bai taɓa mayar mata da ƙwarya da saura ba. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta zauna ta ba ɗakinsa baya.

Da la'asar Rahma ta dama garin maganin wankin ciki a babban jug kamar yadda nas ta nuna mata, ta riƙa ba shi kofi bayan kofi. Ba a jima ba aiki ya kankama. Kamalu ya suri buta ya nufi banɗaki, ya dawo bai gama zama ba ya sake sura. Gwaggo na bin sa da ido, in ya wuce ta yi salati, in ya dawo ta tafa hannu.

"La'ilaha illallahu! Zawo! Mutum na zubar da jini, ki hana mai abinci, ki kuma dama mai zawo da hannunki? Yalwa, kina kallo za a ƙarasa maki ɗa!"

"Wallahi Gwaggo haka anka ce za a yi. Sai abin da ke hita ya koma ruwa garai-garai, sannan tes ɗin zai yi."

Gwaggo ba ta saurare ta ba. Ta buɗe faifai, ƙamshin fura da nono ya cika ɗakin, ta dire ƙwaryar a gaban Kamalu ta danƙa masa ludayi.

"Ungo. Tun asuba uwarka ke dakan gero, da hannunta tad dama. In ka iya mayar mata, mayar."

Kamalu ya dubi matarsa, ya dubi bayan mahaifiyarsa. Rahma ba ta san lokacin da ta riƙe bakin ƙwaryar ba.

"Don girman Allah, Abban Ummi, kar ka sha! Gobe kaɗai ta rage muna!"

A nan Ƙauran Namoda mace na iya ƙona tuwo a yafe mata, amma ba a taɓa jin wadda ta shiga tsakanin ɗa da abincin uwarsa ba.

"Kin ga ta'asa!" in ji Gwaggo. "To ki sani yanzu shari'a ake yi garin ga. In wani abu yas same shi, gaban alƙali za ki yi bayanin kamararki!"

Sai a lokacin Inna Yalwa ta yi magana, ba ta ko juyo ba.

"Ta tahi gida ta huta."

Rahma ta jira mijinta ya ce wani abu. Bai ce ba. Ya sunkuyar da kai ya tsoma ludayi. Ta tashi hawaye na zuba, ta ajiye masa ragowar maganin kusa da katifa, ta goya 'yarsu Ummi, ta je tasha ta shiga motar mata zuwa Zurmi, gidan mahaifinta.

Washegari Gwaggo da Inna ne suka raka shi Sakkwato, Gwaggo tana ta ba fasinjoji labarin yadda furar ta tashe shi. Ba a daɗe da shiga da shi ba likita ya fito yana cire safar hannu, ya tambayi 'yan uwan Kamalu.

"Mama, ban ga komai ba. Hanjin duk a lulluɓe yake, kamar mai leƙa rijiyar da aka dama. Me ya ci jiya?"

Gwaggo ta soma gyaran mayafi. Inna Yalwa ce ta amsa.

"Hura ta. Kaɗan yas sha."

"Kaɗan ɗin ta isa. Sai ya sake bin layi, kuma babu gurbi sai bayan girbi. Ni abin da ke damuna, duk abin da ke zubar da jinin nan ba zai tsaya jiran layi ba."

Suka kamo hanyar gida. Tsoro ya kama Inna, irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ta gane da hannunta ta ƙara wa ɗanta watanni a cikin ciwo.

Malam Gado, mahaifin Rahma, yana sa ran in za a zo biko a turo masa baffannin miji, kamar yadda aka saba. Sai ga Inna Yalwa da kanta ta sauko daga mota da sanda. Ya miƙe yana ruɗewa, ya ce ai da ta aiko.

"Ni nik kore ta, Malam, ni za ni mai da ta. Ɗiyarku ta hi ni gaskiya."

Rahma ta durƙusa tana kuka ta ce ba komai. A zaure ta tarar da Kamalu a raɓe, ya ƙara ramewa. Shi kam ba ta ce masa "ba komai" ba.

"Rahma, na san ke ad da gaskiya. Amma ban iya kallon bayanta in ture ƙwaryar."

"Ba shan hurar yay yi man ciwo ba, Abban Ummi. Shirun da kay yi na. Ko 'tsaya' ba ka ce ba."

"Na yi kuskure. Ki yahe man."

Ta miƙa masa Ummi ta koma ɗauko kayanta.

Watannin jira sun yi musu tsawo. Jinin bai tsaya ba, Rahma na jinya ba ta taɓa tayar da zancen baya ba, ko da Gwaggo ta zo tana kame-kame. Da ranar ta kusato Inna Yalwa ta sake zuwa, wannan karon hannu sake. Ta kafa tabarmarta a zaure, duk maƙwabciyar da ta aiko da kwanon dubiya sai ta yi godiya ta ce a mayar, "wancan" na azumin asibiti. Kamalu ya shanye maganinsa tas, ya yi ta sintiri da buta har abin ya koma ruwa garai-garai.

A wannan karon likita ya daɗe a ciki. Da ya fito ya ce ya samu tsiro a jikin hanjin ya yanke shi, za a kai a auna. Ga alama bai riga ya rikiɗe ya zama ciwon daji ba, amma irinsa ne ke rikiɗa, an dai tare shi a bakin ƙofa. Awon da aka yi daga baya ya tabbatar da haka. Inna Yalwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Nas ta leƙo ta ce mara lafiya ya farka yana cigiyar abinci. Gwaggo, wadda ta biyo su, ta yi wuf za ta buɗe jakarta, Inna ta dafe mata hannu, ta juya wajen surukarta a gaban kowa.

"Rahma, ɗiyata, mi anka ce shi ci? Abin da kinka ce shi za a yi."

Haka Allah ya saka wa Rahma haƙurinta da lafiyar miji da girma a gidan da aka taɓa korar ta. Mai jinya ya riƙe umarnin likita ko da zai sha baƙin jini a wurin dangi, dangi kuma su sani ba kowace ƙauna ce ake nunawa da abinci ba, wata ranar hana shi ne ƙaunar.