Baba, Kada Ka Fita

"Wallahi ko Zangon Lome zai kama da wuta, ba zan ba ɗan silima auren ƙanwata ba!"

Abdulwahidu ne ke wannan rantsuwa a tsakar gida, yana kaɗa carbi kamar mai shirin dukan wani da shi. Tun da mahaifinsu Malam Salahu ya rasu, makarantar allo da limancin unguwa suka dawo hannunsa, shi kuwa ya yafa wa kansa tsufan da bai kai ba. Ko murmushi zai yi sai ya duba gabas da yamma.

Sakinatu na tsugune gaban murhu tana juya shinkafa da waken da Inna ke sayarwa. Ba ta ɗago ba.

"Lukmanu ne sunansa, Yaya, ba ɗan silima ba."

"Rufe mini baki! Mutumin da sana'arsa haska wa jama'a rawar kafirai?"

"Amma a bayanka yake salla kullum..."

"Inna, kin ji ta ko? Kin ji fitsara?"

Inna Hannatu ta tsaya da ludayi a hannu, ta rasa wa za ta kalla. Tana son Lukmanu, ba ta ɓoye ba. Yaro ne mai ladabi, shi ke juya na'urar fim a gidan silimar wani ɗan Labanan can wajen babbar kasuwa, kuma iyayensa sun aiko da goro kamar yadda ake yi. Amma waliyyi shi ne waliyyi, in ya ce a'a ba mai ɗaura aure.

"To ai ba a nan ta tsaya ba," in ji Abdulwahidu. "Tambaye ta inda ta je ranar Lahadi da rana. 'Yar Malam Salahu guda, cikin zanin Afi maƙwabciya, ta yi ɗaurin kai irin na matan ƙabilar Mina, wai don kada a gane ta!"

Gaskiya ne, kuma ba ranar Sakinatu ta fara zuwa silima ba.

Akwai wani fim ɗin Masar da 'yan Zango ke kira na tsohon masunci. An nuna shi an sake nunawa har hoton ya fara tsagewa, amma duk ranar da aka dawo da shi sai gidan ya cika maƙil. Mutane sun haddace shi, ba mai jin rabin Larabcin, amma kafin jarumi ya buɗe baki an faɗa masa abin da zai ce. Ita Sakinatu ba waƙoƙin ke kai ta ba, ba ma Lukmanu ba, ko da yake a can suka fara haɗa ido. Tsohon take zuwa gani. Tafiyarsa ta Baba ce, yadda yake sakin jelar rawani a kafaɗar hagu na Baba ne. Haka Baban ya fita wata safiya zuwa bikin suna a garin Palime, motar ta kife a hanya, ko sallama ba su yi ba.

"Wa ya faɗa maka?" ta tambaya a hankali.

"Ina ruwanki? Gaya mini aka yi! Har ihu kika ƙwala cikin maza, da Hausa tsantsa, wai 'Baba, kada ka fita!' Ina amfanin ɓad da kamar?"

"Innalillahi..." Inna ta dafe ƙirji.

"Kuma ihun banza!" Ya ƙara harzuƙa, jijiyar wuyansa ta tashi. "Kin san ko kin shekara kina ihu sai tsohon ya tsaya bakin ƙofa ya yi gyaran muryar nan, sai ya fita, sai kwalekwalen ya dawo ba kowa ciki sai rawaninsa!"

Muciya ta tsaya a hannun Sakinatu. Hausawa suka ce baki shi ke yanka wuya. Mai kawo tsegumi zai faɗi zani, zai faɗi ihu, amma gyaran muryar nan ba mai kula da ita sai wanda ya tashi yana jin irinta kowace asuba a bakin zaure.

Ta jira har Inna ta ɗauki tire ta fita bakin titi tana share hawaye. Sannan ta miƙe.

"Yaya, karatun da kake zuwa bayarwa unguwar Tokwan duk Lahadi, a wane benci kake zama?"

"Me kika ce?"

"Na ce a baya kake zama, ko kusa da ƙofa don ka riga kowa fita?"

Fuskarsa ta sauya. Ya ɗaga hannu.

"Mare ni! Wallahi ka mare ni, in fita haka ba mayafi in tsaya ƙofar masallaci, in ba dattawan Zango labarin limaminsu!"

"Sakinatu... ni kike yi wa barazana?"

"Kai ka fara. Ka tsaya gaban Inna ka yi mini tsirara, alhali duhun da ya rufe ni shi ya rufe ka. Lukmanu yana hango kowa ta tagar ɗakin na'ura. Yanzu na gane ya daɗe da saninka, bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko da ni. Wannan ne mutumin banzan?"

Hannun ya sauka a hankali. Ta so a ce ya yi kuka, ko ya ce mata shi ma Baba yake zuwa gani, da ta faɗi ta kama ƙafarsa. Amma girman kai rawanin tsiya ne, kuma Abdulwahidu ya naɗa shi da kyau.

"Na ba shi ke," ya ce, murya a bushe. "A kawo sadaki. Amma daga ranar da kika bar gidan nan, kada bakinki ya sake kirana Yaya."

Haka aka yi. Ya ɗaura auren da kansa, ya yi addu'a mai tsawo har mutane na yaba zumuncinsa, amma ko kallon inda take bai yi ba. In ta zo gaida Inna sai ya bi ta ƙofar baya. In suka haɗu a lungu sai ya kau da kai kamar ya ga bare.

Ta sami wanda take so, kuma Lukmanu bai rage ta da komai ba. Sai dai abin yana cin ta.

"Masoyiyata, bari in je in ba shi haƙuri," yakan ce in ya ga ta yi tagumi.

"Ba kai ka yi masa ba, ni ce. Wuƙa na ɗora masa a wuya, Lukmanu. Yayana guda..."

Damina ta wuce, ciki ya fito, sai ga fim ɗin tsohon masunci ya sake zagayowa. Lukmanu ya lallashe ta ta zo kallon rana, wannan karon da mayafinta na matar aure, Afi na gefenta tana ɓare gyaɗa.

Gidan ya cika kamar kullum. Aka yi waƙar farko, jama'a suka amsa. Aka yi dariya tun kafin a zo wurin dariyar. Sannan tsohon ya ɗauki komarsa, ya gyara jelar rawani, ya nufi ƙofa.

Afi ta zungure ta. "To, yi naki mana. Ke ake jira."

Sakinatu ta girgiza kai. Ihun nan shi ya raba ta da ɗan'uwanta, ta rantse ba za ta ƙara ba. Ta cije leɓe, hawaye na zuba.

Tsohon ya tsaya bakin ƙofa. Ya yi gyaran murya. Gidan ya yi tsit, don 'yan kallo sun saba a daidai nan wata mace ke ihu da Hausa, har sun mai da ihun wani ɓangare na fim ɗin.

Ba a ji komai ba. Tsohon ya ɗaga ƙafa.

Sai daga can bencin ƙarshe, kusa da ƙofa, wata muryar namiji ta fashe:

"Baba... kada ka fita!"

Mutane suka kwashe da dariya, wasu har da tafi. Sakinatu ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta ratsa benci-benci tana take ƙafafun mutane ana zaginta da yaren Mina da Faransanci, har ta isa inda yake zaune, ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza.

Ta durƙusa da cikinta a gabansa.

"Yaya..."

Ya sauke hannun riga daga fuskarsa. Sannan ya matsa gefe ya ba ta wuri a bencin.

"Tashi daga ƙasa, Sakina," ya ce. "Zauna nan. Yanzu kwalekwalen zai dawo, ni kuwa ban taɓa iya kallon wurin nan ni kaɗai ba."