Ɗinkin Bakin Buhu

Da hantsi Sufeto ya isa gonar, ya tarar ana kwashe matattun kaji a baro. Likitan dabbobi ya riga ya gama nasa: ƙwayar cuta ce, kuma a abinci ta zo.

Mai gonar 'yar marigayi mai tsohon injin niƙa ce. Tare suka yi wasa da Sufeto a kan buhunan dusa suna yara, lokacin da mahaifinsa yake dako a can. Yanzu injin ya koma hannun wani kamfani, an gina masa ɗakin haske mai kaurin bango, inda ake ratsa buhuna da hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta.

"Yaya, don hasken nan nake saye a wurinsu," ta ce. "Ga abin da ya haska mini."

Sufeto ya duba buhunan da suka rage. Kowanne da ɗan tambari ja. Ya ga wuƙa a kan ɗaya.

"Da wuƙa kike buɗewa?"

"Kwanan nan dai. A da, zare ɗaya nake ja, ya warware. Yanzu ko ka ja sai ya ƙi."

Ya sa aka ɗora buhu a sikeli. Ya duba inda allurar ta tsaya.

A kamfani an riga an dakatar da Injiniya, matar da ke kula da ɗakin haske. Manaja yana so a kai ta kotu kafin sunan kamfani ya ɓaci. Sufeto ya same ta tana tattara kayanta a kwali.

"Kin taɓa tsallake buhu?"

"Ko na so ba zai ɓoyu ba. Tambarin rawaya ne, sai haske ya ratsa shi yake komawa ja."

"To in an haska, shi ke nan cuta ba ta sake shiga?"

"Ranka ya daɗe, wanka ne, ba riga ba ce. In an buɗe buhu aka zuba ƙazanta, aikina ya tashi a banza."

Direban da ke kai kaya tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa.

"Wallahi ko cokali ban taɓa ɗiba ba."

"Na sani. Ɓarawo ragewa yake yi, waɗannan kuwa sun fi nauyinsu. Ina buhunan ke jiranka?"

"Tsohuwar rumfa. Wajen Baba Basilla."

A tsohon injin, rumfar ce kaɗai ba a rushe ba. Har yanzu tana warin dusa da man inji, bencin da 'yan dako ke cin abinci yana nan, an tokare ƙafarsa da bulo. Sufeto ya tsaya a ƙofa ya fi yadda aiki ke buƙata. A da rumfar cike take da hayaniyar rediyo da gardamar ƙwallo. Yau tsoho ɗaya ne a ciki, wanda ya ɗinke bakin buhuna shekara da shekaru kafin keken ɗinki ya mai da shi mai gadi.

"Ɗan gidan Dogo," Baba ya ce. "Kaki ya karɓe ka, amma ubanka ya fi ka kafaɗa."

"Ya fi ni, Baba."

Sufeto ya zauna, ya ajiye guntun bakin buhun da ya yanko a gona a kan benci.

"Wannan ba ɗinkin keke ba ne. An bi ramukan keken ɗaya bayan ɗaya, don kada a gane. Amma a ƙarshe an ƙulle shi sau biyu. Mai son ɓoyewa da sai ya bar shi sako-sako. Hannun da ya yi wannan ba zai iya barin buhu ba ƙulli ba."

Tsohon ya juya guntun. Bai musa ba.

"Me kake zubawa?"

"Garin kifi. Ni nake shanya shi a bayan gida." Ya ɗaga kai. "Ka shaƙi abincinsu? Abin da wuta marar hayaƙi ta bi ta kansa, wane rai ya rage masa? Yarinyar nan mai gonar a kafaɗata ta girma. In bar kajinta su ci matacce?"

"Abincin lafiyarsa lau, Baba. Cuta kawai hasken ya kashe. A garin kifinka ta dawo. Ɓeraye da tsuntsaye na bin shanya."

Baba ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Duka suka mutu?"

"Kusan duka."

Sufeto ya san in ya rubuta cewa ba a gano wanda ya buɗe buhunan ba, manaja zai ci gaba da neman wanda zai ɗora wa laifin, kuma ya riga ya zaɓa. Ya faɗa wa tsohon haka, bai rage komai ba.

"Injiniya? Mai kawo mini shayi?"

"Ita."

Baba ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe hularsa.

"Tashi mu je kafin ta kai kwalin nan gida. Amma ka bi da ni ta gona tukuna. Ba daga bakin ɗan sanda yarinyar nan mai gonar za ta ji ba."