Kujerar Dogarin Shugaba

Kowa ya yi dariya ban da mutum ɗaya, kuma shi idonta ya kama.

A saman benen tsohon zauren taro ne, gaban wata kujerar katako da aka kewaye da jar igiya. Shi mai haɗa magunguna ne a asibitin wani ƙaramin gari, kwas ya kawo shi birni. Ranar ƙarshe abokan aikinsa suka ja shi yawon ganin wuraren da aka kashe shugaban ƙasa tun zamanin kakanni. Ita ce jagorar masu yawon, tana ɗaga wata lema ruwan ɗorawa don kada kowa ya ɓace mata.

"Nan dogarin shugaba yake zaune, shi kaɗai tsakanin shugaba da maharbi," ta ce. "Da aka tambaye shi inda ya tafi, sai ya ce shayi ya sauka sha. Jama'a, wannan shi ne shayi mafi tsada a tarihinmu. Akwai kofunansa a shagon ƙasa, amma don Allah kowa ya sha a bakin aikinsa."

Sai da suka tsallaka titi zuwa gidan da aka kai shugaban ya cika, mutane na leƙen ɗan gajeren gadon, ta matso kusa da shi.

"Malam, haƙori ne ke ciwo, ko ni ce ban iya ba?"

"Kin iya," ya ce. "Kin iya sosai."

"To daga yau sunanka Ba-Dariya."

Ya nemi lambarta wai don ta turo masa sunayen littattafan tarihi. Har yau bai karanta ko ɗaya ba.

Saƙonni kuwa sun yi ta kai da kawowa.

"Ba-Dariya, yau wani yaro ya tambaye ni ko shugaban yana dawowa ya kwanta a gadon. Na tuna da kai, na ce da kana nan ko murmushi ba za ka yi ba."

"Ina murmushi yanzu, Jagorata. Mai jiran magani yana ta kallona."

"Ɗauki hoto. Ba na yarda da tarihin da ba shi da shaida."

Duk hutun da ya samu sai ya hau jirgin ƙasa ya je ya gan ta, amma bai sake taka benen ba. A bakin titi yake jira ta tashi aiki. Ya gaya mata komai nasa, har tsoron kyankyason da yake ɓoyewa, ban da abu ɗaya. Dogarin nan kakansa ne, mahaifin Babansa.

A gidansu ba a dafa shayi. Baba ya taso yara na yi masa ihun ɗan mai shayi daga ƙofar makaranta har gida, shi ya sa bai taɓa kai kofin bakinsa ba. Ranar da ya kai masa maganar aure, Baba ya saurara da fara'a har zuwa inda aka faɗi aikin yarinyar.

"Wace kujera take nunawa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wato abincin da za ta kawo gidanka, da sunan ubana ta samo shi," in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kullum a taru a yi masa dariya, sannan in tura a nema maka aurenta? Nemi wata."

"Baba, ba ta sani ba."

"Ka gaya mata mana. Me ya hana ka?"

Tsoro ne kawai. Yana gudun ranar da za ta dube shi ta ga kujerar.

Kaka, mahaifiyar Baba, tana gefe tana jin su. Bayan wasu kwanaki ta ce idonta na damunta, maigidanta zai kai ta likita a birni. Haka take kiran jikan nata tun yana goye. Suna sauka daga jirgi ta gyara mayafinta.

"Idona ƙalau yake. Je ka sayo mana tikitin yawon nan, biyu."

"Kaka, bari in fara yi mata magana."

"A bakin aikinta nake son ganinta, ba a kan tabarmar gaisuwa ba. In ta yi mini, ni zan ji da ubanka. In ba ta yi ba, ka haƙura."

Yana layin tikiti ya juya wa Kaka baya, ya ciro waya ya rubuta saƙo.

"Jagorata, ina ƙasa tare da kakata. Don girman Allah kada ki yi maganar shayi yau. Zan yi miki bayani."

Ya sake turawa: "Ki duba wayarki, masoyiyata."

Saƙon ya shiga, ba a buɗe ba. Sai a lokacin ya tuna. Dokar wurin ce, jagora na kulle waya a akwatin ajiya kafin ta ɗauki lema.

Ta fito da fara'arta. Da ta hango shi da tsohuwa a hannu, sai ta ɗan daburce, ta rusuna daga nesa. Ya yi mata alama da ido, ita kuwa ta ɗauka zolaya ce, ta harare shi cikin wasa ta ɗaga lema.

Suka bi ta cikin zauren, ta nuna musu dandamalin da yaran makaranta ke waƙa a yammacin ranar kisan, da ƙofar baya da maharbin ya shigo. Ya yi ta neman ya kutsa kusa da ita, amma Kaka ta riƙe hannunsa gam. Suna hawa bene yana jin nauyinta na ƙaruwa a kafaɗarsa.

Ga kujerar nan. Kaka ta tsaya cak.

"Nan dogarin shugaba yake zaune," in ji Jagora. Ta saci kallon Ba-Dariya, ta tuna bai taɓa son wannan wurin ba. "A daidai lokacin ba ya nan. Mu ƙarasa ciki."

Ya saki numfashi. Bai gama sakinsa ba wata murya ta tashi daga gefe.

Mai hoton wurin ne, wanda ke ɗaukar baƙi a gefen kujerar. Ya daɗe yana son Jagora tana ce masa ɗan'uwa. Shi da ke wuni da fuskokin mutane, tuni ya ga kamar da ke tsakanin saurayin nan mai jira a titi da tsohon hoton dogarin da ke jikin bango.

"Ba ki ba su na shayin ba," ya ce da murmushi. "Shi suka biya kuɗi su ji."

"A ba mu, a ba mu," in ji mutane.

Ta ba su, yadda ta saba, har da kofunan shagon ƙasa. Benen ya ɗauka da dariya.

"Yarinya."

Muryar Kaka ba ta da ƙarfi, amma dariyar ta fara yankewa daga inda take tsaye.

"Kin ga kofin da idonki?"

"A'a, Kaka. Haka ya faɗa wa masu bincike."

"Haka ya faɗa." Kaka ta gyaɗa kai. "To ni ce shayin. Naƙuda ta zo mini da gardama, jini ya ƙi tsayawa, ungozoma ta ce ba lallai in kai magariba ba. Na aika a kira mini mijina. Ya ce wa abokin aikinsa ya riƙe masa ƙofa, ya ruga. Abokin bai hau ba. Da aka tsare mijina sai ya ce shayi, don kada a ce wata mace da jaririnta ne suka kashe shugaba. Ya sa muka yi masa alkawarin shiru. Ya rasu ana yi masa dariya."

Ta nuna jikanta da haɓa. "Jaririn shi ne uban wannan."

Shi kansa jikan yau ya fara jin wannan labari. Sai yanzu ya gane dalilin da Baba bai taɓa faɗin ranar haihuwarsa ba.

Jagora ta dube shi. Kallon da ya yi ta gudu kenan, kuma ya fi yadda ya zata ciwo, don ba kujerar ta gani ba, shi ta gani, mutumin da ya bar ta ta taka wannan wuri da ƙafarta.

Gwiwoyin Kaka suka fara karkarwa, ta lalubi bango. Babu abin zama a benen sai guda ɗaya.

Jagora ta jingine lemarta, ta zare ƙugiyar jar igiyar.

"Ke, za su kore ki," in ji mai hoto, murmushin ya ɓace. "Ba a taɓa ta."

Ba ta ko waiwaye shi ba. Ta kamo Kaka da hannu biyu ta zaunar da ita, sannan ta durƙusa a gabanta a kan katakon.

"Kaka, ki yafe mini. Na yi ta maimaita abin da na tarar, ban taɓa tambayar ko yana da iyali ba."

Kaka ta gyara zama. Tafinta na shafa hannun kujerar, inda fenti ya goge.

"Ya ce mini tana da gurguwar ƙafa ɗaya," ta ce, ta ɗan jijjiga ta. Kujerar ta yi ƙwas. "Ashe ba su gyara ba."

Wata mata a cikin baƙin ta juya tana share ido. Mai hoto ya sauke kyamararsa.

An dakatar da Jagora daga aiki a ranar. Shi kuma ta daina ɗaga wayarsa. Sai bayan ya cika mata waya da ban-haƙuri ta turo saƙo ɗaya.

"Na ga saƙonka na ranar. Wata da watanni kana da bakin magana, sai da ka ga kakarka a bakin bene. Ka ɗauka in na sani zan guje ka? Wannan ne ya fi ɓata mini rai."

"Tsoro na ji, Jagorata. Ban kyauta ba. Ba zan sake ɓoye miki komai ba, ko mai ɗaci ne."

Shiru har washegari. Sannan: "Yaya ƙafar Kaka?"

Ya karanta ya sake karantawa, mai jiran magani yana ta kallonsa.

A gida Kaka ta sa aka kira mata Baba, ta gaya masa duk abin da ya faru.

"Inna, kin karya alkawarinsa," ya ce.

"Na karya. Ya isa haka, ka sha dariyar da ba taka ba. Shekara da shekaru mutane na wucewa ta gaban kujerar ubanka, yarinyar nan kaɗai ta ga abin zama ce, kuma ta san aikinta za ta rasa. Ka tura a nemo masa ita."

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya ce.

Kafin biki masu kula da wurin suka kira Jagora ta koma, don baƙin ranar sun yi ta rubuto musu. Ta ce za ta koma in an bar ta ta faɗi labarin yadda Kaka ta ba ta izini, kuma a kwashe kofunan. Sun yi gunaguni a kan kofunan, amma sun kwashe.

Aka ɗaura aure cikin farin ciki. Kaka ta dafa kawunansu ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa in ɗaya ya kira, ɗayan ya amsa. Ango kuwa ya yi ta washe baki har amarya ta ce sai ta sake masa suna.

Bayan sun tare, Baba ya zo ganin ɗaki. Amarya ta kawo ruwa da lemo, ta ɓoye butar shayinta a bayan tukwane tun da safe. Ya sa musu albarka, sannan ya gyara zama.

"'Yata, akwai shayi a gidan nan?"

Ta dubi mijinta, mijin ya dubi ƙasa.

"Akwai, Baba."

"Haɗo mini," ya ce. "Ki sa sukari yadda ake sawa, ni ban san adadinsa ba."