Lasifikar da Ta Ƙi Mutuwa

Duk wanda ya taɓa jin Kanari yana waƙa ya san ba a banza aka laƙaba masa sunan ba. Allah Ya ba shi murya, Ya ba shi yatsun kaɗa jita, amma haƙuri kam bai samu rabonsa ba. Kayan sautinsa kuwa sai ka ce sun haɗa baki da maƙiyansa. Yau waya ta tsinke, gobe makirufo ya kama ƙara kamar ana yanka akuya, jibi batir ya mutu ana tsakiyar amshi.

Abin da ya ƙarasa shi ya faru ne a bikin 'yar wani babban ɗan kwangila. Zaure ya cika, amarya ta taso rawa, Kanari ya ja baiti ke nan sai amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ta yi tari, ta saki hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba, ta yi shiru. Ba shi da wata. Ya tsaya yana buɗe baki kamar kifi a tudu, mutane na dariya, har uban amarya ya sa aka nuna masa ƙofa.

Washegari ya jibge amfilifayar a teburin yayansa, mai gyaran rediyo.

"Wannan ai ta girmi aurenka," in ji Yaya, yana hura ƙurar cikinta. "Na sha faɗa maka, mai yawon waƙa ba ya fita da kaya ɗaya. Waya biyu, makirufo biyu, batir a cike, da 'yar ƙaramar amfilifaya ta ajiya a bayan mota. Ka riƙa saye ɗaya bayan ɗaya."

"Ɗaya bayan ɗaya har furfura ta fito mini? Waɗanda ba su kai ni murya ba sun yi gidaje, Yaya."

"To ka je ka ƙwace nasu."

Direban da ke ɗaukar musu kaya ne ya raɗa masa labarin wani boka da ke bayan kasuwar 'yan gwangwan. Da rana tsaka Kanari ya saɓi babbar lasifikarsa a kafaɗa, ya ratsa tsibin matattun firij da gawarwakin motoci, har ya iske wata rumfar kwano mai jan labule. Yana shiga hayaniyar kasuwa ta ɗauke ɗif, kamar an toshe masa kunne da auduga. Ƙahonni ne rataye a jikin kwanon, kowanne an liƙe bakinsa da kakin zuma. A tsakiya akwai baƙar tukunya da jini ya bushe a wuyanta, ƙudaje sun lulluɓe ta, amma ko ɗaya ba a jin kukansa. Bokan na zaune a kan fata, siririn mutum, haƙoransa jajaye.

"Dukiya kake so ko suna?"

"Duka biyun. Abin da ya hana ni su kaya ne. Ina so sautina kada ya ƙara yankewa har abada."

Boka ya yi dariya, kafaɗunsa na rawa, ba sauti. "Babu abin da ba ya yankewa, mawaƙi. Sai dai in ya yanke madadi ya karɓa. Kana da madadi a gida?"

Kanari ya tuna tarkacen wayoyi da fasassun lasifikoki da ke ƙarƙashin gadonsa. "Akwai. Ɗaki guda ma."

"Ka bayar?"

"Na bayar."

"Ɗaga murya, ba ni kake faɗa wa ba."

"Na bayar!" Sannan ya tambaya, "Nawa ne aikin?"

"Ni ba na karɓa. Masu aiki su ke ɗaukar ladansu."

Ya kwance bayan lasifikar, ya yanka baƙin zakara, ya tsiyaya jinin a kan maganaɗisun cikinta. Sannan ya miƙa wa Kanari ƙaho ya ce ya rera a cikinsa waƙar da yake yi a cikin gida, wadda ba a biyansa. Kanari ya rera 'yar waƙar da yake lallashin 'yarsa Auta da ita. Boka ya liƙe bakin ƙahon, ya cusa shi cikin lasifikar, ya buga ƙusoshi.

Ba a daɗe ba aka ga aiki. A wani taro a fili, hadari ya taso, wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi. Kayan kowa suka mutu, amma lasifikar Kanari ta ci gaba da ruri, muryarsa na tashi garau har bayan gari. Daga ranar aka fara rububinsa. Ya sayi mota, ya tashi daga haya, ya ɗauko mahaifiyarsa ya ba ta ɗaki mai fanka.

Sai dai ranar hadarin nan da ya koma gida, Auta ta rugo ta rungume ƙafarsa, ta buɗe baki za ta ce Baba, ba abin da ya fito. Likitoci suka leƙa maƙogwaro suka ce lafiya lau. Yarinyar da ba a barci saboda surutunta ta koma nuni da yatsa.

"Baban Auta, ka rage fitar nan mu nemi magani," in ji matarsa.

"Da me za a nemi maganin in na zauna?"

Wani abu ya ɗarsu a ransa, ya danne shi. Abin da ido bai gani ba, zuciya na iya musunsa. Amma ranar da ya gani ma bai tsaya ba. Ana bikin buɗe wani kanti, babbar mota ta taka wayar lasifikar ta raba ta biyu a gaban idonsa. Sautin ko gezau. Ya dubi guntayen wayar a ƙasa, ya dubi taron da ke tafi, ya ƙarasa waƙarsa. Yana sauka aka kira shi: Inna na cikin yi wa jikarta hira magana ta tsaya mata a baki, ta kife.

Bayan an share makoki Yaya ya zo da abin awonsa ya jona wa lasifikar. Ya daɗe yana kallon allurar.

"Ƙanena, wayar cikin nan ta ƙone tun tuni. Wannan gawa ce. Mene ne ke magana a cikinta?"

"Bar ta, Yaya."

"Ba zan bari ba. Me ka kawo mana gida?"

Ya sa sukundireba a ƙusar farko. Ba a jone take da komai ba, amma ta yi wani gurnani da ya zubo da gilashin taga, ta maka Yaya da bango. Kafin a ɗaga shi ya cika, jini na bin kunnuwansa.

Matar Kanari ce ta biyo baya. Ta fara cewa tana jin zuuu a kanta, ta koma cusa tsumma a kunne. Daga baya sai ta zauna gaban lasifikar tana gaishe ta. "Inna, kun tashi lafiya? Yaya, a kawo maka ruwa?" Wata rana ta fita ba mayafi tana dariya, danginta suka kama ta suka tafi da ita a ɗaure.

Kanari ya koma rumfar kwano a guje.

"Tarkace nake nufi! Wayoyi da fasassun kaya!"

"Ka ce ɗaki guda," in ji boka, ko ɗago kai bai yi ba. "Sun je ɗakin, sun ɗauki abin da ke da sauti."

"Na daina waƙar. A kwance aikin."

"Kai ka ce har abada. In ba ka kunna ta ba, ita za ta kunna kanta."

Ya dawo gida ya jawo lasifikar tsakar gida, ya tuttula mata fetur ya ƙyasta ashana. Wuta na kama katakon, sai ga muryar Auta daga ciki, muryar da ya yi wata da watanni bai ji ba, tana ihu: "Baba, zafi! Baba!" Ya faɗa wutar da hannu biyu ya fizgo akwatin. Yatsunsa suka narke suka manne da juna. Da ya rarrafa ɗaki ya tarar da yarinyar kwance a tabarma, babu ko tabon ƙuna a jikinta, babu kuma numfashi. Ya buɗe baki zai yi kururuwa, ya ji tasa kururuwar ta fito daga tsakar gida.

Mota ta tafi, gida ya tafi. Yanzu in ka bi ta bakin tasha za ka ga wani bebe mai dunƙulallun hannuwa yana tura ƙonannen akwati a baro. In ya gaji sai ya zauna a inuwa ya kafa kunnensa a jikin akwatin, hawaye na zuba. Masu shago ba sa barin ya tsaya a ƙofarsu, domin waɗanda suka matsa kusa sun ce ana jin mutane na magana ƙasa-ƙasa a cikinsa.

Kai mai kwaɗayin tashi dare ɗaya, ka ji da kyau. Abin duniya an halicce shi ne ya lalace a gyara, ya ƙare a nemi wani. Duk wanda ya ce zai ba ka wanda ba ya ƙarewa, tambaye shi daga rumbun wa yake ɗiba. In ya yi maka dariya bai amsa ba, tashi ka gudu, domin naka ne.