Dosiyen Wa Zai Zama Tushe?

"Ghissa, kai ka taɓa mini tushe?" na tambaya, idona a kan ordinater, wato kwamfuta, da ta cika da jan rubutu.

"Gyara na yi, hasken idona..."

Hasken ido a rana irin wannan! Bayan La'asar Baba zai zo, ga aiki ya ƙi haɗuwa.

Mu biyu muke da ɗan biro, wato ofis, kusa da inda bas-bas na ma'aikatan mahaƙa ke tsayawa a Arlit. Ni na rubuta manhajar da ke faɗin lokacin tashin bas, shi ya rubuta ta kiran ɗan kabu-kabu, kowa da dosiyensa, wato jakar da yake tara aikinsa a cikin na'ura. Kafin su haɗu su zama abu ɗaya, sai an nuna wa na'ura babban dosiye guda, shi ne tushe, wanda saura ke zaune ƙarƙashinsa.

Babana, Alhaji Zayyadu mutumin Damagaram, ya rantse ba zai ba mai danne-danne irin Ghissa auren 'yarsa ba sai ya ga abin yana aiki a wayarsa. Faisal ɗan ƙanwarsa ne ke hura wutar, kullum yana kai masa labarin wai wasan ƙwallo muke bugawa a na'ura. Ga kuma rigimar mazauni. Lalla, mahaifiyar Ghissa, ta ce a al'adar Abzinawa tanti na mace ne, ango ke zuwa wurin amarya. Baba ya ce shi dai suruki ba zai tare masa a gida ba.

Na buɗe fayil ɗin saiti. Sai na ga Ghissa ya mai da dosiyena tushe, ya cusa nasa a ƙarƙashi.

"Me ya kai ka?"

"A wurinmu mace ita ke da gida," ya ce yana gyara rawani. "Kunya ne in zauna bisa kanki."

Ni ma dai ban da gaskiya. Da safe na ɗauki dosiyena cak na kai shi ƙarƙashin nasa, yadda ake kai amarya ɗakin miji. Na'ura ta je wurina an ce ta tafi wurinsa, ta je wurinsa an koro ta wurina. Baiwar Allah tana ta zagaye kamar baƙo a gidan biki.

Dariya ta ƙwace mini, hawaye na biye da ita. Ina son mutumin nan har cikin raina, kuma kara ce za ta raba mu.

Ya ce in mayar da nawa tushe, na ce sai dai nasa. Muna cikin wannan ja-in-ja na ga hanya. Na buɗe sabon dosiye a samansu duka, na sa fayil ɗin saiti a ciki, na rubuta sunayen ayyukan biyu gefe da gefe. Na danna.

Allo ya yi kore.

Gyaran murya muka ji. Ashe Baba ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, Faisal a bayansa yana washe baki. Baba ya miƙo wayarsa ba ko sallama, na sa masa manhajar, ya danna da ɗan yatsa ɗaya. Ba a jima ba ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofa yana tambayar Alhaji Zayyadu.

Baba ya sa Faisal ya hau babur ɗin ya koma masa shago.

Sannan ya leƙa allon, ya ce ya ji duk gardamarmu, yana so ya tabbatar: sabon nan ba nawa ba ne, ba na Ghissa ba? Na ce na mu biyu ne.

"To ku nemi gida haka, Khairiyya. Ba nawa ba, ba na Lalla ba."

Da ya fita, Ghissa ya matso don ya ga sunan da na raɗa wa tushen. Ya karanta, ya ja rawani ya rufe fuska har ido.

"Gidanmu" na rubuta.