Zoben da Ya Hana Bryony Tafiya Perth

"Cire shi."

"Ba zan cire ba, Baba."

"Bryony, na ce ki cire zoben nan!"

Glenn Tattersall ya jefa burushi cikin bokiti, ruwan magani ya fantsamar masa a wando. Tun safe suke farfajiyar gidansu da ke Grimsby, a Ingila, shi da 'yarsa, suna wanke shebur da takalman lambu da tayoyin keke, don Ostireliya, inda za su ƙaura, ba ta yarda ko ɗigon ƙasa ya shigar mata a jikin kaya. Safar hannu ta roba ta zare za ta gyara gashinta, sai idonsa ya faɗa kan yatsarta.

"Yaushe ya ba ki?"

"Ranar Lahadi. A bakin teku."

"Kuma kika ce kin yarda?"

"To me zan ce masa, Baba? Ina son sa!"

Mahaifiyarta Maxine ta leƙo daga kicin da salatif a hannu. Tana ganin zoben ta dafe ƙofa.

"Wayyo ni... Bryony, ba ki ji abin da matar nan ta ce ba?"

 Bryony ba ta ji ba. Ranar da wakiliyar da ke bi musu takardu take bayani ta waya, ita tana gefe tana tura wa saurayinta Kieran saƙo.

Glenn ya maimaita mata da ɗaiɗai, kamar mai magana da ƙaramar yarinya. A ƙarƙashin bizarsa za ta tafi, a matsayin 'yar da yake ɗaukar nauyinta tana karatu. 'Yar da aka yi wa baiko kuwa ta fita daga wannan sahu. Ba sai an ɗaura aure ba, alkawarin kaɗai ya isa.

"Wata mai zuwa nake cika arba'in da biyar," in ji shi. "Idan wannan ta lalace, ba su ƙara duba takardar mai shekaruna. Na sayar da gida. Na ajiye aiki. Ƙaninki har an sama masa makaranta. Duk saboda wani ɗan ƙarfe da yaron nan ya tsinto a kanti?"

"Ba ƙarfe ba ne!"

"Ni makanike ne, na san ƙarfe in na gan shi."

"Glenn, ya isa." Maxine ta matso ta kama hannun 'yarta. "Saurara, 'yar lele. Matan zaurenmu na intanet da suka riga mu tafiya sun sha faɗa, abin ba wuya. Ki cire, ki sa a aljihun jaka. In mun sauka can birnin Perth ki mayar. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Mama."

Ta fizge hannunta ta fice, ko rigar ruwa ba ta ɗauka ba.

*

Kieran Maltby yana aiki a jirgin da ke kai ma'aikata wurin injinan iska masu samar da lantarki a tsakiyar teku. In ya fita sai ya yi mako biyu. In ya dawo kuma yana gida wurin mahaifiyarsa Denise, wadda ɓarin jikinta ya shanye, ya karɓi mai jinyar da ke zuwa in ba ya nan. Ba shi da wa, ba shi da ƙane. Shi ya sa maganar ya bi su Perth ba ta taɓa tasowa ba.

A ƙofar gida Bryony ta same shi yana shanya zanen gado, yayyafi na sauka a kai.

"Kai wane irin mutum ne? Shanya cikin ruwa?"

"Wannan ba ruwa ba ne, Grimsby ce." Ya juyo yana murmushi, sai ya ga fuskarta. "Bry... wa ya taɓa min ke?"

Ta faɗa masa komai a tsaye.



"Ni fa cewa na yi zoben zai riƙe mu," ya ce a hankali. "Ki je ki gama karatu, ni ina nan, kowa ya san akwai mai jiran sa. Ashe igiya na ɗaura miki a ƙafa."

"Kada ka ce haka, masoyi."

"Me babanki ya ce?"

"Ya ce ƙarfe ne."

Kieran ya yi 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Bai yi ƙarya sosai ba."

"Kieran, tsoro nake ji. In na tafi na rasa ka. In na zauna na rasa su. In na yi ƙarya kuma..."

Ya jawo ta jikinsa. Rigarsa na warin gishiri da man jirgi. 

*

Kwanakin da suka biyo baya gidan Tattersall ya cika da kwalaye. Ba mai yi wa wani magana sai ta kaya. Maxine ce kaɗai bakinta bai huta ba.

"A karɓo takardun asibiti na kowa. Kada a rufe asusun banki na nan tukuna. Haya za mu kama, ba a sayen gida a unguwar da ba a sani ba. Kwandon sakar nan a ba maƙwabta, za su ƙwace shi a can. Zumar ma a bar ta. Kuma an ce duk wuyar kewa kada a dawo ziyara a shekarar farko, in ka dawo ba ka komawa."

"An ce, an ce," Glenn ya yi gunaguni. "Matan nan naki ko numfashi sai sun koya wa mutum."

Mai taya su haɗa kaya kullum ita ce Paige, ƙawar Bryony tun makaranta, mai aiki a shagon soya kifi da dankali. Ita ta fara fita da Kieran shekarun baya, kafin abin ya watse. Ta ce ta manta da wannan tuni. Ba wanda ya kai ta zumuɗin tafiyar nan.

"Ke kam kin more!" take cewa tana naɗe kofuna da jarida. "Rana kullum, teku mai ɗumi, samari kamar an zana su. Ki bar mu nan da tsuntsayen teku masu satar dankali."

"Ina da saurayi, Paige."

"Na sani mana, ƙawata. Wasa nake."

Ranar Alhamis da rana Kieran ya kira Bryony ya ce su haɗu a bencin da ke kallon teku. Bai zauna ba. Hannuwansa na cikin aljihu.

"Ki ba ni zoben."

"Me ka ce?"

"Na fasa, Bry. Ba baiko, ba alkawari. In sun tambaye ki, gaskiya za ki faɗa."

"Kalle ni ka sake faɗa."

Bai kalle ta ba.

"Kieran! Kalle ni!"

"Babanki shekara nawa yana kwance ƙarƙashin manyan motoci don wannan rana? Ni ne zan zama sanadin da za a ce musu a'a? Kullum kika kalle ni sai ki tuna abin da na raba ki da shi. Wata rana za ki tsane ni."

"Wannan ba maganarka ba ce. Kai ba ka iya doguwar magana haka. Wa ya zauna da kai?"



"Paige ta zo duba Mama jiya. Ta kawo mata kifi."

"Kifi!" Bryony ta yi wata dariya, hawaye na zubo mata. "Shekara nawa mahaifiyarka tana kwance, sai jiya Paige ta gano hanyar gidanku? Kai har yanzu ba ka gane ba? Jira take jirgina ya tashi!"

"Ko ma mene ne nufinta, abin da ta faɗa gaskiya ne."

"To amsa min abu ɗaya. In na ba ka zoben nan na tafi, za ka daina jira na?"

Ya juya kai wajen teku.

"Za ka daina?"

"...A'a."

"Ni ma haka. Ka ga ke nan ƙaryar ce dai, ka canja mata riga kawai."

Ta juya ta tafi da zobenta a yatsa. Ya kira sunanta, iska ta kwashe.

*

Tana isa gida ta tarar da Paige a falo tana liƙe kwali.

"Ajiye salatif ɗin nan ki fita."

"Bry, lafiya?"

"Kifin ya yi daɗi, an gode. Fita!"

Paige ta kalli Maxine, Maxine ta kalli ƙasa. Ta ɗauki jakarta ta fita ba ta rufe ƙofa ba.

Bryony ta ɗauki wayar mahaifinta daga kan kwali, ta kira wakiliyar, ta buɗe murya yadda kowa zai ji. 

"Sunana Bryony Tattersall. An yi min baiko ranar Lahadi."

"Bryony!" Glenn ya yunƙuro.

Matar ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce gara da aka faɗa mata yanzu. Da an ɓoye, aka gano daga baya, ba Bryony kaɗai abin zai shafa ba, takardar gidan gaba ɗaya za ta iya rushewa. Ta ce duk wanda ya ba su shawarar a sa zobe a aljihu bai taɓa ganin iyalin da aka mayar wa amsar ƙi ba.

Maxine ta zauna a kan kwali a hankali.

"In na janye sunana fa?" Bryony ta tambaya. "Su ukun za su tafi?"

"In kin janye, tasu takardar tana nan yadda take. Amma ki sani, ba za ki sake shiga ta wannan ƙofar ba. In kina son bin su wata rana, sai ki nemi taki da kanki."

"Na gane. Ki cire ni."

Ta kashe wayar.

Falon babu komai sai kwalaye. Ba labule, ba kafet, ko motsin ƙafa sai ya yi amo.

"Don ku na yi duk wannan," Glenn ya ce. "Ke da ƙaninki. Ni me zan yi da rana? Fatata ko zafin bakin tekun Skegness na nan kusa ba ta ɗauka."

"Na sani, Baba."

"Ba ki sani ba."

Ya fita farfajiya. Ta taga ta hango shi ya ɗauki sheburin da suka riga suka wanke, yana ta goga.

*

Kieran ya zo da yamma, da jiƙaƙƙen gashi. Glenn ne ya buɗe masa. Suka tsaya suna kallon juna.

"Glenn, na zo ne..."

"Na san abin da ya kawo ka. Ka iya dafa wani abu ban da wake na gwangwani?"

"Ina iya ƙwai."

"Allah ya jiƙan 'yata." Ya matsa gefe. "Shigo, kana shigo min da sanyi."

Bryony na tsaye a matakala. Kieran ya ɗaga kai.

"Na yi wauta, Bry."

"Ka yi."

"Kina so na har yanzu?"

"Kai dai hau ka taya ni fito da kayana daga kwalayen nan, kafin a kai min rigunan sanyi Perth."

An ɗaura auren a ofishin rajista, mako guda kafin tafiya, bayan biza ta fito da sunaye uku. Kwat ɗin Glenn ta riga ta bi kwantena, sai ta maƙwabci ya ara, hannun rigar bai kai masa wuyan hannu ba. Shi ya riƙo Bryony har gaban rajistara. Denise na kan kekenta na marasa lafiya a sahun gaba tana kuka da ido ɗaya. Daga nan aka wuce mashayar unguwa, aka ci burodi da nama, aka yanka kek. Glenn ya tashi zai yi jawabi, ya ɗaga kofi, ya buɗe baki, ya koma ya zauna.

Ranar tafiya tasi ta zo da hantsi. Direba ya loda akwatuna. Ƙanin Bryony ya rungume ta da sauri ya shige mota don kada a ga idonsa. Glenn ya miƙa wa Kieran hannu, ya riƙe ya daɗe bai saki ba, sannan ya sumbaci goshin 'yarsa ya shiga gaba ya rufe ƙofa.

Maxine ce ta rage a bakin titi, tana gyara wa Bryony wuyan riga.

"Ki sauya adireshinki a wurin likita. Kada ki bar karatun nan, ko me ya faru. Ki buɗe asusunki na kanki, ban da na ku biyu. In za ki kira, ki kira da safe, lokacin mu can la'asar ce. Ki sa a duba muku tukunyar ɗumama gida kafin sanyi ya shigo. Kirsimeti kuma kada ki zauna ke kaɗai, ko Kieran yana teku ki..."

"Mama, na ji. Za ku makara."

"Kuma kada ki riƙa wanke fararen kaya da..."

 Ta riƙe fuskar Bryony da hannu biyu, tana kallon ta kamar yau ta fara ganin ta. Direba ya ɗan taɓa hon.

"Bryony... duk ranar da naƙuda ta kama ki, yaron nan yana tsakiyar teku, ni ina can ƙarshen duniya, wa zai riƙe miki hannu?"